Takarda Uku, Gida Ɗaya: Yadda Ake Auna Ƙiyasin Magina Kafin a Haƙa Tushe

Duk wanda ya zagaya sababbin unguwannin bayan gari a Kano ko Kaduna ko Katsina zai ci karo da kangwaye bila adadin. Gini ya kai linta ya tsaya, rodi ya leƙo sama yana tsatsa, ciyawa ta tsiro a inda aka yi niyyar ya zama falo, awakin unguwa sun mai da ɗakin uwargida wurin kwana. In ka tambaya sai a ce kuɗi ne suka ƙare wa mai shi. Haka ne, amma da yawa daga cikin waɗannan gine-gine tun ranar da aka karɓi takardar magini matsalarsu ta fara, domin lissafin da aka hau aiki da shi bai cika ba.

Ruɗanin da ke damun jama'a shi ne wannan: mutum ya kira magina uku, ya nuna musu fili ɗaya, ya ce yana son gida mai ɗaki uku da falo, sai su kawo masa farashi uku da ba su ko yi kusa da juna ba. Daga nan zargi ya shigo. Mai tsada an ce ɓarawo ne, mai arha an ce mai tsoron Allah ne. Sau da yawa ba ɗaya daga cikin biyun da yake daidai. Kowannensu gidan da ke cikin kansa ya lissafa, kuma gidajen uku ba iri ɗaya ba ne.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Kalmar da ta fi yawo a bakin magina ita ce istimet, wato ƙiyasi. Ƙiyasi hasashe ne na abin da aiki zai iya ci, kuma ba ya ɗaure wanda ya yi shi. Akwai kuma kotashin, wato farashin da mutum ya yanke ya ce a kansa zai yi aikin, wanda in an amince aka sa hannu ya zama alkawari. Rigima mai yawa daga nan take tasowa: magini ya bayar da hasashe, mai gida ya riƙe shi a matsayin alkawari.

Sai takardar ƙididdigar kaya, wadda ma'aikatan gini ke kira bil. Ita ce ke jera kowane ɓangare na aiki da yawansa da farashinsa: haƙan tushe mita kaza, bulo guda kaza, rodi tan kaza, shafe murabba'in mita kaza. Mai shirya ta shi ne kwanti sabeya, masanin ƙididdigar kayan gini da kuɗinsu. Aikinsa daban yake da na akitek mai zana gida, daban kuma da na injiniya mai lissafin ƙarfin ginshiƙi da dakin, wato rufin kankare. A Nijeriya kowane rukuni yana da hukumar da ke yi masa rajista: ARCON ta masu zane, COREN ta injiniyoyi, CORBON ta ƙwararrun magina, QSRBN ta masu ƙididdiga.

Hanyar bayar da aikin ma iri-iri ce. Aikin yini shi ne a biya birkila da leburansa kullum da yamma. Jinga ita ce a yanke kuɗin hannu a kan wani yanki na aiki, kamar daga tushe zuwa linta, mai gida ya kawo kaya. Kwangilar kaya da aiki kuwa ɗan kwangila ne zai sayi komai ya yi komai, wani lokaci har ya miƙa makulli. Kafin alƙalami shi ne kuɗin da ake fara bayarwa don a kama aiki. Mutumin da ya ɗora takardar mai jinga kusa da ta mai miƙa makulli yana kwatanta jimillarsu bai auna komai ba tukuna.

Abin da ya sa takardu ke saɓawa

A ɗauki misali, kuma alƙaluman na misali ne kawai. Magidanci ya karɓi takarda uku: naira miliyan 18, miliyan 24, da miliyan 31. Ta farko shafi ɗaya ce, an rubuta tushe, gini, rufi, sai jimilla. Da aka zauna da mai ita aka bi ta layi-layi, sai ta bayyana cewa bulo inci 6 ya lissafa a duk gidan, babu shafen waje, babu wayarin, babu sokawe, babu katanga. Ta biyu ta sa bulo inci 9 a bangon waje da shafe da wayarin, amma ta bar tayil da ƙofofi a wuyan mai gida. Ta uku ta haɗa har fenti da ƙyauren gida da tankin ruwa. In aka mayar wa ta farko abin da ta tsallake, tana iya zarce ta ukun. Arhar da aka gani a ƙasan takarda ta abin da aka ƙi rubutawa ce.

Bayan abin da aka tsallake, sai ingancin abin da aka rubuta. Nan ne ya kamata mai gini ya tsaya da kyau, don kalma ɗaya a takarda tana iya ɗaukar kaya iri uku.

Bulo shi ne misali mafi kusa. Yawan bulon da aka buga daga buhun siminti ɗaya shi ke yanke ƙarfinsa. Gidan bulon da ya ninka yashi don ya fitar da bulo mai yawa daga buhu zai sayar da arha, amma bulonsa in ka goga shi da babban yatsa sai ya dinga zubar da gari, in ya faɗi daga hannun lebura ya tarwatse. Takardar da ta ce “bulo 3,000” kawai ba ta faɗi girmansa ba, ba ta faɗi inda za a saya ba. Yawan ma ana iya gwada shi da lissafi mai sauƙi: kusan bulo 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayin mita 3, bangonsa huɗu za su ci wajen bulo 430, in an cire gurbin ƙofa da taga su dawo kusan 400. Wanda ya san wannan ba za a rubuta masa ninki biyu ya sa hannu ba, ba kuma za a rubuta masa rabi a dawo ana neman ciko ba.

Rodi ya fi bulo ɓoye aibinsa. Cikakken rodi tsawonsa mita 12 ne, kuma tan ɗaya na mai kaurin milimita 12 yana ba da wajen sanda 94, na milimita 16 kuma wajen 53. In mai kaya ya ce tan ɗinsa na milimita 12 ya haura ɗari da goma, to ba kyauta ya yi maka ba. Ko dai rodin bai kai kaurin da aka kira shi da shi ba, ko an rage masa tsawo. Haka kwanon rufi na alminiyam: akwai mai kaurin milimita 0.45, akwai 0.55, akwai 0.70, kuma daga ƙasa ido ba ya bambance su sai iskar farkon damina ta zo. Kankare ma haka. Haɗin da aka saba yi wa ginshiƙi da linta da dakin shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Maginin da ya lissafa siminti ƙasa da abin da wannan haɗi ke buƙata ya riga ya yanke shawarar inda zai rage, ko da bai faɗa ba.

Sai ƙasar da za a yi ginin a kanta. Fili mai marmara ba ɗaya yake da fadama ba, ba kuma ɗaya yake da tsohon kududdufin da aka cike da bola aka yanka aka sayar ba, irin waɗanda ba su da wuyar samu a Kano. A wasu sassan Borno da Gombe akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani, tana tsaga bango in ba a yi mata tushe na musamman ba. Maginin da ya bayar da farashin tushe bai taka filin ba, bai haƙa ko ramin gwaji ɗaya ba, kintace ya yi. Tifofin cikon ƙasa kaɗai suna iya canja lissafin gaba ɗaya.

Ranar da aka rubuta takarda

Wani abin da ya ƙara dagula kwatanci a 'yan shekarun nan shi ne farashi ba ya zama wuri ɗaya. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan gini sun ji a jikinsu ta hanya biyu: waɗanda ake shigowa da su, kamar kayan wuta da na bayi da wasu nau'o'in tayil, sun bi dala, masu nauyi irin yashi da tsakuwa da bulo sun bi kuɗin mota.

Labarin siminti ya isa misali. A watan Oktoba 2023 kamfanin BUA ya sanar da mayar da buhu naira 3,500 a bakin masana'anta. Kafin ƙarshen Fabrairu 2024 buhu ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama, har Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da manyan kamfanonin, Dangote da BUA da Lafarge, aka tsayar da cewa ya dawo tsakanin 7,000 da 8,000. Duk maginin da ya yanke farashin kaya da aiki a tsakanin waɗannan watanni ya ga ta kansa, wasu suka gudu suka bar aiki, wasu suka rage siminti a ɓoye don su fita.

Saboda haka takarda biyu da ke da tazarar wata biyu a tsakaninsu ba a kasuwa ɗaya aka rubuta su ba. Ya kamata kowace takarda ta ɗauki kwanan wata, ta faɗi kwana nawa farashin zai tsaya, ta kuma nuna nawa aka lissafa buhun siminti da tan ɗin rodi. Nisa ma yana da tasiri: mai gini kusa da Kalambaina a Sakkwato ko Ashaka a Gombe ba lallai ya sayi siminti daidai da wanda sai tirela ta yi kwana a hanya kafin ta iso garinsu ba.

Inda ra'ayi ya rabu

Mafi yawan masu gina gidan kansu a Arewa sun fi son su sayi kaya da hannunsu su ba magini jinga. Hujjarsu tana da ƙarfi: sun ga abin da suka saya, sun tsira daga ribar da ɗan kwangila zai ɗora, kuma suna iya yin ginin a hankali daidai ƙarfin aljihu. Masu sukar wannan hanya suna cewa ribar da aka guje wa tana zurarewa ta wata kafa. Ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da ba ya iya wuni a wurin gini ba zai san buhu nawa aka fasa ba. Kaya na ƙarewa ana tsaka da zuba kankare, leburori su zauna a biya su yini. In bango ya tsage kuma babu wanda za a kama, magini ya ce kayan ne ba su da kyau, mai kaya ya ce hannun magini ne.

Masu goyon bayan kwangilar kaya da aiki suna cewa aƙalla akwai wuyan da za a riƙe. Wannan gaskiya ne in an rubuta nau'in kowane kaya. In ba a rubuta ba, duk abin da ɗan kwangila ya rage a inganci riba ce a gare shi, kuma an buɗe masa ƙofar jarraba. A nawa ganin, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa zai tsaya a kan aikin. Mai lokaci da ɗan sanin gini jinga ta fi masa. Wanda ke zaune a wani gari, ko a ƙasar waje yana turo kuɗi, ya fi buƙatar rubutacciyar kwangila da wani masani daban, wanda ba ɗan kwangilar ne ke biyansa ba, da zai riƙa duba aiki kafin a saki kuɗi.

Akwai kuma masu cewa a ba na gida, ɗan'uwa ko maginin da ya yi wa mahaifi aiki, ba sai an tara takardu ba. Amana abu ce mai daraja, kuma maginin da aka san gidansu ya fi wanda aka tsinta a bakin titi. Sai dai kunya tana hana tambaya, kuma gini ya raba zumuncin da ya fi shekara talatin saboda ba a faɗi magana a fili tun farko ba. Addini ma bai bar wannan a buɗe ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cinikin istisna'i, wato a sa mai sana'a ya ƙera abin da babu shi tukuna, suka shardanta a fayyace siffarsa da farashinsa don a kauce wa garari, rashin tabbas ɗin da ke haifar da jayayya. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Wanda ya nemi ɗan'uwansa su rubuta yarjejeniya bai ci mutuncinsa ba.

Game da sayen kaya a ajiye don gudun tashin farashi, abin ya danganta da kayan. Rodi da kwano da tayil suna jure ajiya in an kare su daga ruwa da ɓarayi. Siminti ba ya jurewa. Yana shan danshi ya dunƙule, kuma bayan kamar wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa. Shi ya sa wasu ke mai da shi bulo tun da wuri.

Yadda za a sa takardu su yi magana ɗaya

Maganin ruɗanin yana hannun mai gida tun kafin ya kira kowa. Ya fara samun zane cikakke, da lissafin injiniya in akwai dakin ko bene. Daga zanen a fitar da takardar ƙididdigar kaya, a bar gurbin farashi babu komai, a ba kowane magini kwafi iri ɗaya ya cike. A nan ne kaɗai bambancin da ya fito zai zama na farashi da kuɗin hannu. Mutane suna ganin kuɗin mai zane da mai ƙididdiga asara ne, alhali bango ɗaya da aka rushe don uwargida ta ce kicin ya yi ƙanƙanta ya isa ya biya su. Sauya ra'ayi a kan takarda kuɗin fensir ne, a kan gini kuwa kuɗin siminti ne sau biyu. Don haka a zauna da iyali a gama magana a kan zanen: ina ɗakin baƙi, ina turaka, ina tsakar gida da wurin girki, ta ina mata za su shiga.

In takardun sun dawo, a fara da tambayar abin da babu a ciki. Abubuwan da aka fi mantawa su ne katanga da ƙyaure, sokawe, ruwan gini in babu rijiya ko bohal, ladan mai gadi, ɗakin ajiyar kaya, dakon kaya da saukewa, jawo wuta, da kuɗin amincewar hukuma. A Kano KNUPDA ce ke ba da izinin gini, a Kaduna KASUPDA, kuma wanda ya tsallake su yana iya wayar gari ya ga jan fenti a bangonsa. In kamfani ne mai rajista a tambaye shi ko ya sa harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Bayan an haɗa komai, a ware kashi 10 cikin ɗari na abin da ba a zata ba, a kuma riƙe shi a hannu, kada a sanar da shi a matsayin kuɗin aiki.

Farashin da ya faɗi ƙasa sosai da sauran ya fi mai tsada buƙatar bincike. Wani maginin kuskure ya yi a lissafi, wani kuma da gangan ya sauko don ya kama aikin, ya san in an kai tsakiya mai gida ba shi da mafita sai ya ƙara. Sannan gani ya kori ji: a je a ga gidan da maginin ya gama shekara biyu ko uku da suka wuce, wanda ya sha damina, a dubi kusurwoyin tagogi ko sun tsage, a dubi gindin bango ko yana jan ruwa, a tambayi mai gidan ko kuɗin da aka fara da shi aka gama.

Biyan kuɗi ya bi aiki mataki-mataki: tushe, linta, rufi, shafe, kammalawa. Kada kuɗin da aka bayar ya taɓa yi wa aikin da ke ƙasa nisa. A manyan kwangiloli an saba riƙe kashi 5 cikin ɗari har tsawon wata shida bayan miƙa aiki don gyaran abin da ya ɓaci, kuma babu abin da ya hana mai ƙaramin gida yin haka in an amince tun farko. A ɗaya ɓangaren, magini ma yana da haƙƙi. Mai gidan da ya matse kuɗin hannu har ya zama birkila ba zai iya biyan leburansa ba, ko ya riƙa jan kuɗin aikin da aka gama, shi ma yana da hannu a duk ha'incin da ya biyo baya. Lokaci ma a rubuta shi da hankali: kankare yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Wanda ya yi alkawarin cire katakon dakin cikin 'yan kwanaki don ya nuna sauri, saurin nasa abin tsoro ne.

Abin da ke biyo baya

Zaɓen takarda a kan jimilla kaɗai yana da sakamako iri biyu. Mai sauƙin shi ne kango: kuɗi su ƙare a linta, iyali su ci gaba da biyan haya, ruwan sama yana cin bulon da aka riga aka kashe wa dukiya, farashin abin da ya rage kuma yana hawa. Mai tsananin shi ne ginin da aka gama amma ba shi da ƙarfi. Benen da ya rushe a titin Beirut a Kano a watan Agusta 2022, da makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a watan Yuli 2024 inda mutum 22 suka rasu, sun nuna abin da gini ke yi in ya gaza. Gidan iyali mai hawa ɗaya bai kai su girma ba, amma a ƙarƙashin dakinsa 'ya'yan mutum za su kwana.

Ga duk wanda ke riƙe da takardun magina a yanzu yana shirin zaɓa: kada ka sa hannu a wannan makon. Kira su ɗaya bayan ɗaya, ka sa kowanne ya rubuta girman bulonsa, kaurin rodinsa da na kwanonsa, farashin da ya lissafa siminti, da jerin abin da bai sa ba. In kuɗinka ba su kai gidan da aka zana ba, rage yawan ɗakuna ka bar filinsu zuwa gaba, amma kada ka yarda a rage siminti da rodi.